Ɗan da Na Ce Ba Nawa Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Daga ƙanwarki Rakiya a Birnin Zazzau, zuwa ga Yaya Habiba a Zangon Kumasi. Gaisuwa da girmamawa gare ki da maigidanki da 'ya'ya da jikoki. Ina fatan ƙafar nan da ke damunki da damina ta yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, Yaya, ki yi haƙuri da ni. Na san idonki ya yi rauni, sai an nemo mai karanta miki ajami, kuma na san a tsakar gida za a karanta, kowa yana ji. Ban so in ɗora miki wannan nauyi ba, ga tsufa ga nisa. Sau uku ina jiƙa alƙalami ina ajiyewa. Amma maganar ba ta jira, kuma ba ni da inda zan kai ta sai wurinki. Masu sauraro kuwa su saurara. Matan da ke ɗaukar karatu a wurina ma zan karanta musu kafin in naɗe ta. Na gaji da ɓoyo.

Malam Tanimu yana kwance. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun watan jiya, bakinsa ya karkace, kunu kawai yake iya haɗiya. Yana neman in yafe masa kafin ya mutu. Ni kuwa, Yaya, ba na so.

Saboda jikokinki da aka haifa a can, waɗanda ba su san Tanimu ba balle abin da ya yi, bari in ɗauko tun daga farko.

Ɗana na fari namiji ne. A wurinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in an ce ɗanta ne sai ta kau da kai ta ce ba nata ba ne. Haka uwarmu ta yi da ke, haka na tashi na gani, haka na yi. Ranar da aka yaye shi ke kika goya shi kika shige da shi gidanki. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ke ce Inna a bakinsa, ni kuwa Malama, kamar yadda duk yaran unguwa suke kirana.

Kin tuna shekarar da ya yi ƙyanda? Kwana tara kina fama da shi. Ni ban leƙa ba ko sau ɗaya. Amma turmina na jawo jikin katangar, ina daka abin da ya riga ya daku, don in riƙa jin tarinsa. Ba ki sani ba, ko kuwa kin sani kin rufa mini asiri.

Da ya isa karatu, gidanmu yake zuwa wurin mahaifinsa. In Malam maigidana ya fita, ni nake biya wa yaran. Babu yaron da na tsananta wa kamarsa. Wani ya yi kuskure in gyara masa da murmushi, shi kuwa sai in ɗaure fuska in ce a sake daga farko. Ina tsoron kada a ce na nuna so. Bayan shi na haifi mata biyu, maza biyun da suka biyo baya ba su zauna ba. Sannan Malam ya rasu. Ya zama shi kaɗai ne namijin da Allah ya bar mini.

Sai yaƙin Turawa ya zo, aka ce kowace unguwa ta kawo samari za a kai su soja. Malam Tanimu shi ne malamin mai unguwa, shi ke rubuta sunaye. An sa ƙa'ida cewa matar da mijinta ya mutu, in ɗanta namiji ɗaya ne tak, ba a taɓa shi. Ni ina cikin gida, ban san da ƙa'idar ba, ban ma san an fara rubuta sunaye ba. Tanimu ya sani. Ya kuma san sunan da ya kamata ya shiga takardar na ɗansa Garba ne.

Ya jira har kika tafi ƙauye zaman makokin surukarki, maigidanki kuma yana can Kurmi, ƙasar kudu, wajen fataucin goro. Ranar Alhamis ce da hantsi, babu karatu, ina zaune ina kaɗi. Aka yi sallama a zaure. Na zo na tsaya a bayan asabari. Tare yake da wani dattijo baƙo da aka aiko ya tabbatar da sunayen. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida, sannan ya ɗaga murya yadda matan tsakar gida za su ji, ya ce, “Malama, 'yar tambaya ce. Yaron nan,” ya faɗi sunan, “ɗanki ne?”

Matan gida suka kwashe da dariya, kamar yadda ake yi in an tsokani mace da ɗan farinta. Kunya ta rufe ni. Na ce, “Ni ina na ga ɗa? Ɗan Yaya ne.”

Sai na ji ya ce wa baƙon, “To, ka ji da kunnenka, ranka ya daɗe. Ita kuwa yayar tata maza uku gare ta.” Na ji ƙarar alƙalami a kan takarda. Har na koma kan mazarina ina murmushi, wai Malam Tanimu da tsufansa yana tsokana.

Yaya, mutumin nan tare suka yi karatu da Malam maigidana. Ranar sunan yaron yana sahun gaba, shi ya riƙe ƙafar ragon aka yanka, ya ci naman. Ya san amsar da zan bayar tun kafin ya baro gidansa. Bai yi ƙarya da bakinsa ba, bakina ya ara ya yi ta da shi. Wannan shi ne abin da na kasa haɗiyewa shekara goma sha biyu.

Da azahar yaron ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakina. Ya ce, “Malama, an ce in zo in yi sallama, za a tafi da mu soja.” 'Yan doka biyu na jiransa a zaure. Nan take na gane. Dattijon nan bai bar unguwa ba tukuna. Da na miƙe a lokacin, ko mayafi babu, na fita na yi kururuwa na ce nawa ne, ni na haife shi, da an sake shi. Matan gida sun zuba mini ido. Na juya fuskata bango, mazari a hannuna, na ce, “Allah ya tsare.” Ya daɗe a durƙushe. Sannan na ji tafiyarsa.

Sai da la'asar na fita. Na je gidan mai unguwa, aka ce an riga an kai su tasha, abin da ya shiga takarda ya shiga.

Da kika dawo, kika faɗi a tsakar gida kina birgima, unguwa ta cika gidanki ana ba ki haƙuri. Ni ce na dafa wa masu zuwa abinci. Bayan shekara uku Sale na Tukur-Tukur, wanda aka kwashe su tare, ya dawo da tari da manyan takalma, ya zauna a zaurenki ya ba da labari. Wani daji a ƙasar Bama, can ƙetaren teku, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, harbi a ciki, kwana biyu yana jinya a bakin rafi. A bargo suka naɗe shi, babu likkafani, mutum huɗu suka yi masa salla. Sale ya ce har ya cika yana kiran “Inna, Inna.” Ke ya kira, Yaya. Daidai ne. Ke kika amsa shi duk rayuwarsa. Ranar ma ke aka yi wa ta'aziyya, ni na raba waina.

Ba ki taɓa ce mini komai ba. Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Shekarar da ta biyo kuka tattara kuka koma Kumasi, kika bar ni da katangar.

Tun daga ranar da Sale ya zo, babu asubar da na idar da salla ban ɗaga hannu na ce Allah ya isa tsakanina da Tanimu ba. Ko da nake zazzaɓi ban tsallake ba. In ya aiko da naman layya, ba na zubarwa, don ɓarna haramun ce. Sai in bayar a ƙofar gida, in wanke ƙwaryar da toka sau uku. In na ji muryarsa a lungu yana wucewa masallaci, sai in ji ɗaci a harshena. Na ji labarin ya yi sabon zaure, na ce Allah ya isa. Na ji Garba ya zama akawu, ya yi ƙiba, ya yi 'ya'ya huɗu, na ce Allah ya isa. Na san Garba ba shi da laifi, ba shi ya rubuta ba. Amma in aka ce mini ga shi can a kan keke da farar riga, sai in tuna bargo.

Ban taɓa rubuta masa wani abu na sharri a allo ba, ban je wurin kowa a yi masa asiri ba. Wannan ki shaide ni. Na tsaya inda shari'a ta tsayar da ni. Wanda aka zalunta an ba shi iznin kai ƙara wurin Ubangiji, kuma yafiya alheri ce, ba dole ba ce. Na bincika, na tambaya, na tabbata. Na san wanda ya yafe ladansa yana wurin Allah, ni nake biya wa mata wannan, har in yi musu bayani su yi ta hawaye. Amma ni abin da nake jira daban ne. Ina jiran ranar da za a tara mu, babu asabari, babu kunya, in ratsa taro in kama wuyan rigarsa in ce, ya Ubangiji, tambayi wannan ina ɗana. An ce a ranar ana ɗebe ladan azzalumi a ba wanda ya zalunta. To duk sallolin nan nasa na sahun gaba, da azuminsa, da sadakarsa ta Juma'a, na daɗe ina yi musu kallon nawa. Yanzu kuma a ce in buɗe baki in ce na yafe, ya tafi da abinsa cif, a wanke shi da ruwan ɗumi, a sa masa likkafani sabo, Zazzau ta cika a yi masa salla? Shi ke nan? Nawa kuwa a bargo?

Malama Babba ta Limancin Kona, wadda ta koya mana karatu ni da ke, tana nan da ranta, ta rankwafa amma bakin nan yana nan yadda kika san shi. Ta sa aka kawo ta wurina bayan Ƙaramar Salla. Ta ƙare mini kallo ta ce, “Rakiya, kin bushe kamar kuɓewar bara. Kullum asuba da Tanimu kike tashi. Ko Lami matarsa ba ta kai ki riƙe shi ba.” Na ji haushi har na kasa yi mata rakiya zuwa zaure yadda ya kamata. Da za ta fita ta waiwayo ta ce, “In kin ɗaga hannu, wa kike fara ambata, yaron ko Tanimu?”

Yaya, Tanimu nake fara ambata. Na duba na gani. Sai na gama kai ƙararsa sannan nake nema wa yaron rahama, wani lokaci ma rana ta fito, yara sun fara shigowa da alluna, in shafa a gurguje. Sallata kuwa ba ta da daɗi. Ina tsaye a gaban Ubangiji ina shirya maganar da zan faɗa wa Tanimu, sai in rasa raka'a ta nawa nake. Ni da nake gyara wa mata salla. Rabona da in idar in ji zuciyata ta kwanta, tun kina nan.

Da ciwon ya kama shi, Lami ta zo sau biyu da goro a ƙunshe, tana kuka. Na gaishe ta, na ba ta ruwa, na mayar mata da goronta. Ba ita ta yi mini ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, sai ga shi an kawo shi a kan jaki, Garba na riƙe da shi ta gefe ɗaya, wani ƙanensa ta ɗaya gefen. Suka shimfiɗa shi a zaure. Zauren nan dai. Na zo na tsaya a bayan asabari, inda na tsaya wancan karo. Ta tsakanin karan na hango shi. Mutumin nan mai faɗin kafaɗa ya koma kamar tsumma, yawu na zuba, Garba na goge masa da hannun riga. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji. Wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa. Na bar shi yana jira.

Da ƙyar maganar ke fita. Ya ce, “Malama, na san ɗanki ne. Tun ranar na sani. Na ci naman sunansa. Tsoro na ji wa nawa. Ki yafe mini don Allah, don Annabi.”

Shekara goma sha biyu ina shirya abin da zan ce masa. Kin san abin da ya fito daga bakina? Na ce, “Sai na ji daga Yaya. Ita ta riƙe shi.”

Suka yi godiya, suka ɗora shi a jaki suka tafi. Na koma ɗaki ina jin na yi dabara. Ga lissafin da na yi, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Akwai wani mai fataucin goro a unguwarmu da zai taso zuwa wajenku bayan Babbar Salla, saura wata biyu ke nan. Na ce shi zan ba takardar. Kafin ta isa, kafin amsa ta dawo, an daɗe da binne Tanimu. Ban ce na yafe ba, ban ce na ƙi ba, hakkina yana nan, kuma babu mai cewa Malama Rakiya ta kori mara lafiya daga zaurenta.

Ina cikin alwalar la'asar abin ya faɗo mini. Yaya, maganar nan da na faɗa ai ita ce ta wancan karo. Ɗan Yaya ne. A zaure ɗaya, a bayan asabari ɗaya, ga mutum ɗaya. Shi da karkataccen bakinsa ya ce ɗanki ne, ni da lafiyayyen bakina na sake miƙa miki shi. Butar ta suɓuce daga hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da Sale ya zo, a tsakar gida, mata suna kallo, ban rufe fuska ba.

Tanimu ya haƙa ramin, wannan ba na janyewa, kuma ba na rage masa ko ƙwayar gero. Amma da azahar ɗin nan da yaron ya durƙusa a ƙofata, Tanimu ba ya cikin ɗakin. Ni ce da mazarina. In na kama wuyan rigarsa ranar tsayuwa, wa ya ce babu mai kama nawa mayafin? Na gane duk asubar da na cika da sunan Tanimu, gudun wannan tambayar nake yi.

Yau kwana uku ban ce Allah ya isa ba. Kada ki ɗauka na yafe. Na buɗe baki, harshen ne ya ƙi. Har yanzu in na tuna ƙarar alƙalamin nan sai in ji da ma ciwon ya daɗe yana cinsa. Astagfirullah. Haka zuciyar take, ba zan yi miki ado da ita ba.

Na fasa jiran mai goro. Wannan wayo ne, kuma Wanda nake kai wa ƙara yana ganin wayon. Jiya Garba ya zo ya durƙusa a zaure ya ce, “Malama, in kin rubuta, ni zan sa adireshi da boko in kai gidan waya da kaina.” Shi zan ba. Hannun da aka fansa da ɗana shi zai rubuta sunanki a bayan ambulan. Ki duba rubutun da kyau in ta iso, an ce yana da kyau.

Ga abin da nake nema a wurinki. Kina da hakki a kan Tanimu, hakkin goyo da raino da kukan da kika yi. Wannan naki ne, ki faɗi abin da kika ga dama a kansa, zan isar masa yadda kika faɗa, ba ƙari ba ragi. Nawa kuwa ba zan ƙara ɓuya a bayanki ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa mayafi in tafi gidansa da ƙafata. Zan tsaya a kansa, ba asabari, a gaban Lami da Garba da duk wanda ke ɗakin, in faɗa da bakina cewa ni na haife shi. Sannan in yi masa tambaya ɗaya da shi kaɗai ya rage mai amsa ta: da safen nan da na ce ba ni da ɗa, yaron yana tsaye a ƙofar zaure? Ya ji? Abin da zai fito daga bakina bayan ya amsa, ban sani ba, kuma ban yi miki alkawari ba. Ina roƙon Allah ya sa abin da zai fito ya zama wanda zan iya tsayawa da shi a salla.

Ke ma ina da tambaya gare ki, Yayata. Shekara goma sha bakwai yana ɗakinki. Ya taɓa yi miki maganata? Ya san turmin nan na jikin katanga? Ko da kalma ɗaya ce, ki tuno ki rubuto mini. In kuma babu, ki ce babu, zan ɗauka.

Mai karanta wa Yaya takardar nan, ka ɗaga murya a nan, kada ka yi sauri.

Ɗalhatu. Sunansa Ɗalhatu. Ɗana ne, ni Rakiya na haife shi, ranar Talata da hantsi, a ɗakin uwarmu.

Ban taɓa rubuta shi ba sai yau. Ashe gajere ne haka.

Allah ya jiƙan Ɗalhatu, ya sa dajin nan ya zame masa dausayin Aljanna, ya musanya masa bargon da tufafin da ba sa tsufa. Allah ya gafarta mini juya fuskar da na yi. Allah ya saka miki da alheri a kan riƙon da kika yi masa. Tanimu kuwa, Allah ya san shi ya san ni. Iyakar abin da na iya roƙa yau shi ne kada a ɗauki ransa kafin in isa, kuma kafin amsarki ta iso. Amin.

Ki gaishe da maigidanki da yara duka. Don Allah, Yaya, kada takardar nan ta kwana biyu a hannunki. Mutumin kunu kawai yake sha, shi ma Lami ta ce ya fara amayar da shi. Ki ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Rakiya, uwar Ɗalhatu.